Layin 'Yan Keken Ɗinki: Inda Tsoho Ya Fi Sabo Tsada

Baƙon da ya shigo Kano neman keken ɗinki kada sunan Kasuwar Singa ya ruɗe shi, domin can buhunan sukari da katan-katan na taliya da sabulu zai tarar. Harkar ɗinki a birnin nan a rarrabe take. Shadda da atamfa da leshi suna Kantin Kwari. Zare da zif da maɓalli da sauran tarkacen tela, a nufi Ƙofar Wambai. Mai son keken kansa kuwa, ko wani ƙarfe da ya lalace a jikinsa, ya faɗa Kasuwar Sabon Gari, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ya tambayi inda 'yan keken ɗinki suke.

Tun kafin ka ƙarasa hanci zai gaya maka ka iso, saboda warin kananzir da man keke. Ga kuma ƙarar gwaji, wannan ya taka feda ya tsaya, wancan ya ɗauka. A bakin shaguna sababbi ne jibge cikin kwalaye, ga ƙafafun ƙarfe an jingina su jeri-jeri, ga allunan tebur masu sheƙi an ɗora wani kan wani. A kan kanta akwai allurai cikin 'yan takardu, da kwarkwaro da ƙoshiya cike da roba, da bel na fata a naɗe an rataye a ƙusa. Duk wannan na mai wucewa ne. Kayan da mai shago yake ji da su suna can ciki, a ƙasa ko ƙarƙashin benci: tsofaffin kawunan keke baƙaƙe, zanen ruwan gwal ɗin jikinsu ya koɗe daidai inda hannun wani tela ya shekara yana goga. Ba ya fito da su sai ya ga alamar mai tambayar ya san abin da yake nema. Idan kuma ya faɗi kuɗinsu, sau da yawa za ka ji sun haura na sabon da ke cikin kwali.

Dalilin wannan yana da tarihi. A Amurka aka kafa tushen sana'ar: Elias Howe ya yi rajistar kekensa mai ɗinki da zare biyu a 1846, Isaac Singer ya biyo baya da nasa a 1851. Kamfanin Singer ya bunƙasa har ya gina wata ƙatuwar masana'anta a Kilbowie, cikin garin Clydebank na ƙasar Sikotilan, a shekarun 1880. Harafin K da ake gani a sunan irin su 15K, na Kilbowie ne. An rufe masana'antar a 1980, ke nan duk keken da ya fito daga can ya ba shekara 40 baya, wasu ma sun haura 100, kuma har gobe suna fitar da kaftani da jamfa. A kusurwar dama ta gindin kan keken akwai lamba da aka buga cikin ƙarfe. Yaran shago na yanzu sukan duba ta a waya, su gaya wa mai saye shekarar da aka ƙera shi, kuɗi ya ƙaru nan take.

Samfurin nan mai lamba 15 shi ne uban gidan kusan duk wani keken ƙafa da ke ƙasar Hausa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan sun yi ta kwaikwayonsa, Sin da Indiya ma haka. Butterfly na birnin Shanghai, wanda a wurin mata da yawa sunansa ya zama sunan keken ɗinki ɗungurungum, a kan wannan tsari aka gina shi. Abin da ya riƙe kasuwar ke nan. Kwarkwaron wannan yana shiga ƙoshiyar wancan, allura iri ɗaya ce, ƙafar danne yadi ta sabon keke tana hawa kan wanda ya girmi kakan mai shi. Keken da aka ƙera a Sikotilan zamanin Turawa, yau da 'yan kuɗi kaɗan za a sa masa ƙarfen da aka ƙera bara a Sin, ya ci gaba da aiki. Wanda ya mutu murus ma ba a zubar da shi. Farke shi ake yi, a zuba kayan cikinsa a gwangwani, ya raya wasu goma.

A Turai tsofaffin nan sun koma kayan ado, har ƙafafunsu ake mayarwa teburin shan shayi. Abin da ya tsira yakan biyo kayan gwanjo ya sauka Legas ko Kwatano, daga nan ya hauro Arewa. Wasu kuma daga cikin gari suke fitowa: kayan gado da magada suka rasa yadda za su raba, ko na tsohon telan da ido ya gaza. Akwai hanya ta uku, wadda kowa a layin ya sani. Duk lokacin da wani ɗan siyasa ya yi rabon kekuna da sunan tallafi, ba a kwana biyu sai ka ga wasunsu sun iso kasuwa, ko kwalin ba a buɗe ba. Ba na ganin laifin wadda ta sayar. An ba ta keke ba a koya mata ɗinki ba, ga tukunya tana jira.

Masu saye kala-kala ne. Ga uban da zai aurar da 'ya yana son a sa keke cikin kayan ɗaki, shi dai sabo yake so mai ƙyalli, don 'yan ganin ɗaki. Ga matar aure da ta kwashi adashi. Ga yaron da maigidansa ya yaye, sun zo tare, maigidan ne ke magana shi yana tsaye a baya. Ga fatake daga Maraɗi da Damagaram masu ɗaukar da yawa a lokaci guda. Ga kuma masu yawo da keken hannu a kafaɗa suna kaɗa almakashi cikin unguwanni, su ƙoshiya ko allura kawai ta kawo su. Ciniki irin na ko'ina ne, a taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja har a sallama. Idan da sanayya, a kan ba da keke a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wannan ma ba sabon abu ba ne, da irin wannan bashi kamfanin Singer ya cika gidajen Amurka da kekuna tun 1856.

Amma mutumin da ya fi kowa muhimmanci a layin ba shi da shago babba. Benci ne da shi, da sukundireba biyu ko uku, da tsohon buroshin haƙori, da gwangwanin kananzir, da ƙyallen gwaji da ɗinki ya cika shi baƙi ƙirin. Shi ne mai gyara. Zauna kusa da shi na ɗan lokaci ka ga aiki.

Wata mata ta sauko daga adaidaita, yaro na biye da ita rungume da kan keke cikin zani.

"Baba, ga shi nan. Tsinka zare yake yi, ya hana ni sakat, ga ɗinkin mutane a hannuna."

Bai ce komai ba. Ya ɗora shi a benci, ya juya wilin da tafin hannu zuwa wajensa, ya karkata kai yana saurare. Ya sake juyawa a hankali.

"Hajiya, yaushe rabonki da canza allura?"

"Ai ba ta karye ba, Baba."

Ya kwance allurar, ya goga tsininta a farcensa, ta karce. Ya ɗora ta a kan farantin ƙarfen keken ya nuna mata yadda ta ɗan lanƙwashe. Daga nan ya kwantar da kan keken ya leƙa cikinsa, ya dangwali wani abu mai danƙo ruwan ƙasa, ya shinshina.

"Wane mai kike sa masa?"

Ta ɗan yi shiru. "Na keken ne ya ƙare, sai na ɗiga masa na gyaɗa."

"To, miya za mu yi da shi ko ɗinki?"

Ya cire farantin da ke ƙarƙashin allura. Tsakanin haƙoran da ke jan yadi, gashin zare da ƙura sun dunƙule sun yi tauri, sai da ya sa tsinke ya ɓanɓaro su. Ya wanke mazaunin ƙoshiya da kananzir, ya goge, ya bi kowace 'yar huda da ke jikin keken ya ɗiga farin mai ɗigo ɗaya, ya sa sabuwar allura. Da ya ɗora ƙyallen gwaji, ƙarar ta sauya gaba ɗaya, ta koma siririya mai daɗin ji. Ban da allura, bai sauya ƙarfe ko ɗaya ba.

Yawancin abin da ake kawowa haka yake. Keken ba shi da wani sirri mai zurfi. Zare biyu ne, na sama a allura, na ƙasa a kwarkwaro cikin ƙoshiya. Allura ta nutse ta ɗan ɗago, zarenta ya yi ɗan zarge, wata ƙugiya mai kai-komo a ƙasa ta cafke shi ta zagaya da shi bayan ƙoshiya, zaren biyu su sarƙe a tsakiyar yadi, haƙori ya ja yadin gaba. Duk abin da ya hana ƙugiyar nan haɗuwa da zargen a daidai lokacinsa, sai ɗinki ya riƙa tsallake. Allura ce ta lanƙwashe, ko ba a tura ta har ƙarshe ba, ko an sa ta a juye. Wannan na ƙarshen yana ba mutane wahala, don a mafi yawan Butterfly da 'yan uwansa gefen allura mai faɗi dama yake kallo, zare ya shiga daga hagu, alhali wasu samfuran Singer 15 akasin haka suke. Allurar ma tana da lamba: 14 ga atamfa da yadi mai laushi, 16 ga shadda mai kauri, 18 ga jins da makamantansa. Idan zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, mai koyo sai ya hau kwance ƙoshiya, nan kuwa matsalar daga sama take, zaren sama ne bai matsu ba ko bai bi hanyarsa daidai ba. Bel na fata idan ya saki, yanke ɗan guntu ake yi, a huda, a mayar da ƙugiyar wayarsa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, da damina tsatsa. Maganin duka biyun bai wuce mai da goge-goge da rufe keke da zani in an tashi aiki ba.

Inda ake shan mutane a kasuwar shi ne wajen fenti. Akwai masu ɗauko kai marar nagarta su fesa masa baƙin fenti, su manna tambarin babban kamfani, su sayar da sunan tsohon Ingila. Akwai kuma tsohon na gaske wanda aiki ya cinye, an yi masa kwalliya. Masana ba sa kallon fenti. Ɗaga kan suke su ji nauyinsa. Su kama sandar allura su girgiza, in tana wasa gefe da gefe, ta gaji. Su riƙe wili su motsa shi gaba da baya su ji ko akwai rata kafin allura ta amsa. Su kwantar da shi su duba ƙarafan ciki, santsinsu da yadda aka goge su. Na dā ƙarfensu a murje yake sumul. Da yawa daga cikin masu araha na yanzu, ko wane suna aka manna musu, za ka ga kaushi da gefuna masu kaifi, kusoshinsu kuma ba sa jure ɗauri biyu. Ba duka sababbi ne marasa kyau ba, akwai masu aiki tsakani da Allah. Amma in aka ajiye mini sabo mai sheƙi da tsohon da mai gyara ya saurara ya gyaɗa kai, tsohon zan ɗauka ko da ya fi tsada. Da tsohuwar zuma ake magani.

Manyan kekunan lantarki sun shigo, babu musu. Juki da Brother da ire-irensu sun mamaye shagunan manyan teloli, ga 20U na aikin wuya, ga na wibin, ga na kwamfuta da ke zuba aiki a riga cikin ɗan lokaci. Suna da sauri nesa ba kusa ba. Sai dai duk suna jiran wuta, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, tayar da janareta ya zama abin lissafi. Shi ya sa ko a shagon da ya fi kowane kayan zamani, da wuya ka rasa baƙin keken ƙafa ɗaya a lungu, an lulluɓe shi, yana jiran a ɗauke wuta. Wasu kan ɗaura masa ɗan ƙaramin moto a baya, in da wuta a yi gudu, in babu a mayar da bel a koma feda.

Kasuwar ta fi ci da azumi. Daga tsakiyar watan, benci ba ya ɗaukar kekunan da ake kawowa, kowa na rantsuwa nasa ne na gaggawa, domin kayan Sallar mutane na jibge a shago kuma an riga an karɓi kuɗin. A lokacin mai gyara ba shi da sararin sauraren keke yadda ya kamata, kuɗin aiki ma ya hau. Wani kaso na saɓa alkawarin da ake zagin teloli da shi, daga nan yake farawa, daga keken da aka shekara ana takawa ba a taɓa buɗe cikinsa ba. Bayan Salla kuwa layin sai ya yi tsit, a nan ne ake samun tsoho mai kyau da sauƙi, don wasu telolin a lokacin suke sayarwa su sauya.

Saboda haka mai niyyar saye ya jira bayan Salla, ya tafi da wanda ya san keke, ya riƙe ƙyallen shadda da na jins a aljihu, kada ya biya sai an ɗinka su a gabansa ya juya ya ga bayan ɗinkin. Mai keke a gida kuma ya kai shi a duba tun watan Sha'aban.