Kafin Masu Ceto Su Iso

Ranar 6 ga Fabrairu, 2023, girgizar ƙasa ta auka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, ta hallaka mutum fiye da dubu 50. Cikin kwana biyu jirage suka yi ta sauke ayarin masu ceto daga ƙasashe da dama. Dama can a shirye suke, kaya a ɗaure, kira kawai suke jira. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruɗanin da aka gani a girgizar ƙasar Armeniya ta 1988, inda masu agaji suka yi ta kwarara babu tsari, na cikin abin da ya sa aka kafa INSARAG a 1991 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita ke tantance ayarin ceto. Wanda ya cika sharaɗi yana tafe da karnuka masu sansano ɗan Adam, da na'urar jin motsi, da kyamarar da ake zurawa cikin ɓaraguzai, da injiniya da likita. Abinci, ruwa, tanti da janareto duk nasa ne, don kada ya zame wa mabuƙata kaya.

Haka ma likitoci. Bayan girgizar Haiti ta 2010, inda wasu suka je ba kayan aiki ba ƙwarewa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa ayarinsu aji uku: masu duba mutum su sallame shi, masu tiyata da kwantarwa, sai masu ɗaukar waɗanda ke rai kwakwai mutu kwakwai. Kuma ba wanda ke shiga ƙasa sai gwamnatinta ta yarda. Da girgizar ƙasa ta auka wa Maroko a 2023, tayin ƙasashe huɗu ta karɓa da farko.

To amma duk saurin jirgi, akasarin waɗanda ake zaƙulowa da rai maƙwabta ne ke fito da su a awannin farko. Mu da gini kan rufta mana, kamar makarantar da ta rushe a Jos a Yulin 2024, wannan magana tamu ce.

In gini ya rufta, ku fara da kiran lambar gaggawa 112. Kada ku hau kan ɓaraguzai, nauyinku na iya ƙarasa na ƙasa. Kada a sa katafila inda ake zaton akwai mai rai. In an ce a yi shiru, a kashe babur da janareto, a daina salati da ƙarfi, domin wani ƙwanƙwasa ƙarfe kaɗai yake iyawa. Masu ɗaukar bidiyo su ba motar asibiti hanya. Wanda ya san ɗakin da mutane suke, ya nuna.

Wanda kuma gini ya daɗe da danne masa ƙafa ko hannu, ko ya miƙe da kansa a kai shi asibiti. Naman da ya daku yana sakin guba cikin jini, tana iya kashe ƙoda bayan kowa ya gama barka.