Ƙibar 'Yarki: Yunwa Ba Magani Ba Ce

Uwargida, idan 'yarki budurwa ta fara ƙin tuwon dare saboda ƙawaye na kiranta "buhu", kada ki zuba ido. Jikinta na girma. Zama da yunwa na iya jawo mata jiri da ƙarancin jini.

Ki fara da abin sha: robar Coca-Cola mai santilita 50 na ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 13. Ki ba ta ruwa ko zoɓo marar sukari. A ƙara ganye da wake, a rage soye-soye, kuma tukunya ɗaya ga kowa, kada a ware ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa su motsa jiki minti 60 kullum. Tafiya da gaɗa duk suna ciki.

Masu tsokanarta kuwa, ki tsawata musu, ko da yayyenta ne.