Hutu a Auyo: Kafin ka kunna wuta a kicin ɗin Gwaggo

An rufe makarantu, an ce ka haɗa kayanka ka tafi Auyo ka yi sati biyu wajen dangi. Ka sa caja a jaka, ka sa kayan sawa, har da ledar Indomie don ko-ta-kwana. A Kano ko Dutse ka saba, ka murɗa gas, ka jona butar lantarki, kafin minti goma ka ƙoshi. Ke ma 'yar uwa haka, kina ganin tunda kin iya jalof a gidanku, babu kicin ɗin da zai ba ki tsoro. To ku saurara, domin ni ma da wannan tunanin na je, kuma tun daren farko na sha kunya.

Gwaggo ta fita barka a maƙwabta, Baffa da samarin gida suna kallon ƙwallo a zaure, ɗan ƙaramin janareta yana ta aiki a waje. Na ce bari in haɗa shayi. Na cika butar lantarkin da na zo da ita, na jona. Ko daƙiƙa uku ba a yi ba janareta ya yi wani irin nishi ya mutu, gida ya yi duhu ɗum. Daga zaure na ji Baffa yana cewa, “Wai wane ne ya jona wani abu?” Da Gwaggo ta dawo aka ba ta labari, dariya ta yi ta ce, “Ɗan nan, ai a gidan nan kowane abu da halinsa. Tambaya ake yi.”

Halayen nan su nake so ka sani kafin ka shiga mota, don wani kuskuren dariya kawai za a yi maka, wani kuwa yana iya cin tukunyar abincin gida gaba ɗaya, ko ma ya ci rai.

Garin da za ka sauka

Auyo tsohon gari ne a masarautar Haɗeja, har yana da harshensa, Auyokanci, wanda yanzu ya ɓace. Yana zaune a fadamar kogin Haɗeja, ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano. A nan ne aikin noman rani na kwarin Haɗeja yake, shi ya sa daga Auyo har su Gamsarka da Ayama za ka ga shinkafa rani da damina, ga alkama, ga tumatir da albasa, ga kifi. Ruwan da ke kawo wannan albarka shi ne kuma ke kawo ambaliya, kamar yadda mutanen yankin suka gani a 2020 da 2022. Duk wannan yana shiga kicin. Shinkafar da za ka dafa ta gonar gida ce, itacen damina a jiƙe yake, ruwan sha kuma yana buƙatar kula.

Wuta ta zo, amma wace iri?

Abin da ya kashe janaretan Baffa lissafi ne mai sauƙi. Butar lantarki tana jan wat 1,500 zuwa 2,200, ƙaramin janareta kuwa, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba. Duk abin da aikinsa shi ne samar da zafi, buta ce, hita ce, dutsen guga ne ko murhun lantarki, cin wutarsa ba kaɗan ba ne. Haka idan gidan sola suke da ita. Yawancin ƙananan sola an haɗa su ne don fitila, fanka da cajin waya. Ka jona hita, ka zuƙe batirin da za a kwana da shi.

Ko wutar KEDCO ce aka kawo, ka fara duban ƙwan fitila. Idan ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa da ƙyar, wutar ba ta kai ƙarfin da kayan aiki ke buƙata ba, wato wajen bolt 230. A irin wannan wutar bilanda sai ta yi ta gurnani ba ta markaɗa komai ba, injinta yana zafi har ya ƙone. Kada ka yi taurin kai. Zuba kayan miyan a bokiti ka kai injin markaɗe, ko ka jawo turmi ka jajjaga. Miyar jajjage ma ai ta fi daɗi da kifi.

Firiza ba ta son leƙe

Za ka lura da zarar an kawo wuta Gwaggo ba ta jona firiza nan take, sai ta bari an ɗan jima. Ba camfi ba ne. Wutar da aka kawo yanzu takan yi sama da ƙasa kafin ta daidaita, kuma idan an ɗauke aka maido nan da nan, injin firiza yana buƙatar kamar minti biyar kafin ya sake tashi lafiya. Idan ka ji tana “ƙas” tana shiru, tana “ƙas” tana shiru, injin ne ke ƙoƙarin tashi ya kasa. Cire ta daga soket ka faɗa wa masu gida.

Sai batun buɗewa. Firijin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi kamar awa 4 idan ba a buɗe shi ba. Firizar da take cike, kayanta sun daskare, tana iya kai wa awa 48, mai rabin kaya kuma awa 24. Duk lokacin da ka ɗaga murfi don neman ruwan sanyi, daga cikin awannin nan kake ragewa, kuma wataƙila kifin sati guda ne a ciki. In ƙishi kake ji, ga randa nan. Ruwanta na sanyi ne saboda danshin da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa da iska, ba ruwanta da a kawo wuta ko a ɗauke.

Tukunyar gas

Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 komai na girki ya ƙara tsada, don haka a gidaje da yawa gas na shayin safe ne da ɗumame, ba na dafa wake ko ganda ba. Tukunyar kilo 6 da ka gani a lungu ƙila an yi mata lissafin wata guda. Kafin ka ɗora abin da zai yi awa biyu a kai, ka tambaya.

Ka dubi harshen wutar. Shuɗi shi ne lafiyayye. Idan ya yi rawaya yana baƙanta gindin tukunya, ramukan kan murhun sun toshe ko iska ba ta shiga yadda ya kamata. Kashe, ka bari ya huce, ka goge. Idan ashana ake sawa, ka fara ƙyasta ashanar sannan ka murɗa, ba ka murɗa ka tafi neman ashana ba. Nan ne gira ke tafiya.

Idan ka ji warin gas, kada ka kunna fitila, kada ka kashe wadda ke kunne, kada ka ƙyasta komai. Rufe kan tukunyar, buɗe ƙofa da taga, ka fitar da yara. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka yana iya taruwa a ɗaki kai kana tsaye ba ka ji sosai ba. Wurin da yake yoyo da ruwan sabulu ake gane shi: a shafa a tiyo da mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. Kuma duk wanda ya ce ka kwantar da tukunya ko ka jijjiga ta wai don ragowar ya fito, ka ce masa a'a. In mai ya kama da wuta a kasko, kashe murhun ka rufe da murfi. Ruwa ba ya kashe wutar mai, watsa ta yake yi.

Murhu ba abin raini ba ne

Babban girki a murhu ake yin sa, kuma yana da ilminsa. Kara da ƙirare ake fara sawa, sannan manyan itace, a bar musu ƙofar shan iska. Ka cusa itace da yawa, hayaƙi kawai za ka samu da hawaye. Rage wuta shi ne janye itace, ƙara ta shi ne turawa. Da damina ka ga ana jera itacen gobe a gefen murhu, don ya sha zafi ya bushe ne. Wata dabarar kuma, a shafa wa gindin tukunya toka da ruwa kafin a ɗora, wanki ya zo da sauƙi. Leda da roba kuwa, ko da ka ga wasu na hura wuta da su, hayaƙinsu guba ne.

Ga wanda ba a wasa da shi. Idan hadari ya taso, kada ka shigar da kurfotin gawayi cikin ɗaki ka rufe ƙofa, haka ma janareta. Dukansu suna fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Alamarta ciwon kai, jiri da kasala, mutum ya ce bari ya ɗan kwanta, shi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. A rumfa ko a tsakar gida ake girkin gawayi, inda iska ke wucewa.

Shinkafa 'yar gida da kifin kogi

Awon ruwan da ka haddace na shinkafar kanti ne. 'Yar gida sai an tambaya: wadda aka turara ce ta dafawa, ko ɗanya ce ta tuwo da waina? Ka dafa ta tuwo da niyyar jalof, abin da za ka sauke sai dai a nemo mara. Sabuwar shinkafa ma ba ta shan ruwa kamar wadda ta kwana biyu a buhu, don haka fara da ruwa kaɗan, ka ajiye tafasasshe a gefe kana ƙarawa.

Sannan regaya. Idan a ƙaramin inji aka casa ta, akan samu tsakuwa. Ƙwarya biyu ake sawa, ana karkaɗawa a hankali cikin ruwa, shinkafa ta bi ruwan ta wuce, tsakuwa ta zauna a ƙasa. Ka zauna kusa da Inna ka koya, minti goma ne. Ya fi ka ji Baffa ya tauna dutse ya yi shiru yana kallon ka.

Tarwaɗa tana da yauƙi, ruwan zafi ko gishiri da lemun tsami ke fitar da shi. Karfasa kuwa ba ta son juyi, in miya ta kusa nuna ake sa ta, a riƙa girgiza tukunyar maimakon cusa ludayi. Bandar kifi a ɓare ta a jiƙa da ruwan zafi a duba cikinta, don ƙwari da yashi na ɓuya.

Ragowar abinci ma akwai ƙa'ida. Dafaffiyar shinkafa kada ta wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi, in ana tsananin zafi ma awa 1. Akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe ta gaba ɗaya, idan shinkafa ta jima a ajiye sai ta saki gubar da ɗumame ba ya kawarwa. Ka auna daidai cikin mutanen gida. Miya kuwa ka ga ana tafasa ta da dare, a rufe, a hana kowa sa cokali har safe, ka bi wannan dokar.

Ruwan sha

A lokacin ambaliya ruwa kan haɗe rijiya da masai, daga nan amai da gudawa ke samun ƙofa. Alif yana kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Tafasawa ke kashewa: ya tafasa sosai na aƙalla minti 1, a rufe, a riƙa ɗiba da moɗa ɗaya mai tsabta. Kai da cikinka bai saba da ruwan wurin ba, ka fi kowa buƙatar wannan.

Kafin ka koma

Ranar farko ka zama ɗan kallo. Ka ce, “Gwaggo, wanne ake jonawa, wanne ba a jonawa? Wannan shinkafar ta mece ce?” Matambayi ba ya ɓata. In da hali ka cika musu tukunyar gas ko ka sayo buhun gawayi, domin baƙon sati biyu yana taɓa lissafin gida ko da ba a faɗa masa ba. Samari kuma a daina cewa kicin na mata ne. Gobe hidimar ƙasa ko karatu zai kai ka inda babu Inna babu Gwaggo, daga kai sai tukunya.

Ni dai kafin hutuna ya ƙare na iya hura murhu da ashana ɗaya, na iya regaya. Ranar da zan tafi Gwaggo ta ƙulla mini shinkafa da bandar kifi, ta miƙo mini butar lantarkina da ta ɓoye tun daren farko, ta ce, “Ungo kayarka, ka kai ta inda ake da wutarta. In ka dawo hutu na gaba, tuƙin tuwo ya rage maka.”