Motar Hannu Mai Aiki Da Batir: Kada A Yi Cinikin Biri A Sama

Tun daga ran 29 ga watan Mayu na 1 ga mulkin Shugaba Bola Ahmed Tinubu, watau a 2023, sa'ad da ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin mai mota a birnin Kano ya sake. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000. Ma'aikata da dama a Gwammaja da Ƙofar Mazugal da sauran unguwannin Dala suka lulluɓe motocinsu da tamfol, suka koma tsaron A Daidaita Sahu a bakin titi. Daga nan ne hankali ya soma komawa kan wasu ƙananan motocin iyali masu ƙofa biyar, waɗanda ke aiki da batir, waɗanda a dā ake yi musu kallon abin wasan Turawa.

Motocin nan iri biyu ne, kuma wajibi ne mai saye ya bambance su. Akwai ruwa-biyu, wadda dillalai ke kira haibirid. Ita tana da injin fetur, tana kuma da injin lantarki da babban batir, ba a kuwa jona ta da wutar gida, ita ke cika batirinta da kanta in tana tafiya ko in an taka birki. Uwar wannan iri ita ce Toyota Prius, wadda aka fara sayarwa a Japan a 1997. Sa'an nan akwai mai lantarki zalla, wadda ba ta da tankin mai sam, kamar Nissan Leaf da ta fito a ƙarshen 2010.

Abin da ke jan mutane a fili yake. Prius ta shekarun 2010 zuwa 2015 takan yi kimanin kilomita 20 da lita guda, alhali Corolla sa'arta takan tsaya wajen 12 ko 13. Ma'aikacin da ke cin kilomita 1,000 a wata, tsakanin gida da Sakatariyar Audu Bako da makarantar yara da gaisuwar 'yan'uwa, zai sha lita 50 maimakon 80. A farashin ƙarshen 2024, rarar ta kai Naira 30,000 a wata, a ƙasar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi kan Naira 70,000 a shekarar nan. Daɗin daɗawa, a cunkoso ne ta fi nuna kanta, domin in an tsaya a danja injinta mutuwa yake yi, ba ya ƙona mai a banza.

Amma fa akwai abin da ido ba ya gani. Bakano ya daɗe da sanin yadda ake duba motar hannu. Tun zamanin Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, har zuwa zamanin 'yar Kwatano, hanyar ɗaya ce: a tafi da amintaccen bakanike, ya ƙwanƙwasa bodi ya ji ko an yi ciko, ya ja sandar baƙin mai, ya saurari inji, ya leƙa hayaƙin salansa. Duk wannan yana da amfani har gobe, sai dai bai taɓa inda kuɗin suke ba. Dukiyar wannan mota tana cikin wani akwatin ƙarfe da ke kwance bayan kujerar baya, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi, ba ya yoyo.

A cikin akwatin Prius akwai ƙananan batura 28 a jere, waɗanda in an haɗa ƙarfinsu ya zarce bolt 200. Tare suke aiki kamar shanun huɗa, in ɗaya ya gaza sai ya ja sauran baya. Motar ba ta da sitata irin ta sauran motoci, babban batirin ne ke tayar da inji. Saboda haka ranar da ya mutu, mota ta zauna ke nan, ko da tanki cike yake, kuma ko samarin unguwa duka sun taru ba za ta tashi da turi ba. A Amurka, inda akasarin motocin nan ke fitowa, garantin da kamfanin ya ba batiran wancan lokaci shekara 8 ne ko mil 100,000 a yawancin jihohi. Motar da ta iso Kano tana da shekara goma ta riga ta cinye wannan wa'adi. Sabon batir kuwa, in an haɗa da ladan aiki, yakan kai Dalar Amurka 2,000 ko fiye. A canjin 2024, lokacin da Dala ɗaya ta wuce Naira 1,500, wannan Naira miliyan uku ke nan, watau rarar man shekara takwas ta tafi a yini guda. Araha ba ta ado.

Akwai masu gyara da kan buɗe akwatin su cire wanda ya lalace su sa wani na hannu. Aikin yana tayar da mota, kuma da sauƙin kuɗi. Illarsa ita ce sauran 27 ɗin tsofaffi ne, sa'o'in wanda ya mutu, kuma sau da yawa ba a daɗewa wani ya bi sahu. Dillali marar tsoron Allah yana iya yin wannan kwaskwarima, ya sa na'ura ta goge jan gargaɗin da ke allon direba, mota ta yi lafiya lau har a gama ciniki.

To, yaya za a gane? Da farko kada a yarda da zagayen minti biyar. A ɗau motar daga Ƙofar Ruwa a miƙa hanyar Katsina har Dawanau a dawo, da rana tsaka, da na'urar sanyi a kunne. A sa ido kan hoton batir da ke allo. In yana cika fal nan da nan, sa'an nan ya zube ƙasa cikin minti biyu ko uku, batirin ya tsufa, ya zama tulu mai ƙaramin ciki. In fankar da ke gefen kujerar baya tana ta kuka ba hutawa, zafi yake yi. Bayan wannan, a nemi mai ƙaramar na'urar nan da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari, wadda ke aika bayani zuwa wayar hannu. Za ta nuna ƙarfin baturan bibbiyu, rukuni 14, kuma wanda ya ratse daga 'yan'uwansa zai fito fili. Ladan wannan dubawa bai kai kuɗin cika tanki ba.

Yanayin Kano ma ba ya raga wa batir. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, zafi kuwa shi ne babban abokin gabansa. Da hunturu kuma ƙura ce. Batirin Prius da iskar cikin mota yake shan sanyi, ta wata 'yar taga a gefen kujerar baya. In ƙura ta toshe fankar, ko uwargida ta jingina ƙunshin kaya a bakin tagar, sai ya dahu a hankali ba wanda ya sani. Har ila yau, na'urar sanyinta da lantarki take aiki, kuma mai na musamman take sha. Mai ɗurin iskar da ya zuba mata irin na sauran motoci ya jawo babbar ɓarna. Wayoyin nan masu ruwan lemo kuwa ba na yaron gareji ba ne, suna iya kisa. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta yi suna wajen kayan gyaran mota, kuma ƙafa da birki da fitilun Toyota ba za su gagara ba. Abin da ya kamata mutum ya samu tun kafin ya biya shi ne bakaniken da ya taɓa buɗe akwatin batir ya rufe lafiya.

Maganar mai lantarki zalla ta fi wuya. Ba baƙuwa ba ce a Arewa: Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato wanda ya zana surar Chevrolet Volt a Amurka, shi ne ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa sa'ad da ta buɗe tashar cajin mota mai hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. A takarda ma ribarta ta fi. Batirin Leaf ta farko yana ɗaukar yunit 24 na wuta. Ko da farashin Naira 225 da aka ɗora wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, cikawa bai wuce Naira 6,000 ba, ga tafiyar kilomita 117 in batir sabo ne.

Sai dai wannan tafiya ba ta kai mutum Zariya, balle Katsina, kuma tsohon batir ba ya yin ko kusa da haka. Leaf ba ta da abin sanyaya batir. A 2012 masu ita a jihar Arizona, mai zafi irin na Kano, suka yi ta kukan batiransu sun rage ƙarfi tun ba su shekara biyu ba. A allon direba akwai 'yan sanduna 12 a gefe da ke nuna lafiyar batir. Kamfanin da kansa ya ɗauki abin da ya gaza tara a matsayin nakasa, don haka mai saye ya ƙirga su da idonsa.

Sa'an nan ga batun inda za ta kwana. Gidajen Madigawa da Kantudu da Yalwa da Bakin Ruwa, da yawansu a lungu suke, inda ko amalanke sai an karkata. Mai mota a irin waɗannan wurare a bakin titi yake barinta, ko a wurin mai gadi, ya taka ya shiga gida. Leaf kuwa tana bukatar wuta ta sa'a takwas ba yankewa, in da wayar bango ta gida ce ma ta fi haka. Ƙaramin janareton kallon talabijin ba zai ɗauke ta ba. Wayar caji da ke zuwa da tsofaffin na Amurka ta bolt 120 ce, wutar Nijeriya kuwa 230, in aka jona kai tsaye ƙonewa za ta yi. Kuma mutanen da KEDCO ke ba wuta ba su manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layuka ta bar akasarin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Wanda ke da fili a gidansa da isasshen sola, kuma zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari ba, yana iya morarta. Ga sauran jama'ar cikin ganuwa, ruwa-biyu ta fi kusa da hankali.

Takardu ma abin dubawa ne. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu daga 1 ga Janairu, 2017, a 2022 kuma Kwastan ta bayyana cewa motar da ta wuce shekara 12 ba ta shigowa. Motar da takardarta ba ta inganta ba ana iya ƙwace ta a hanya, ko daga hannun wa. Ƙananan haibirid na Japan da Ingila sitiyarinsu a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka akan juya sitiyarin, juyin kuma kan taɓa wayoyi masu yawa. Lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 tana iya tona tarihin ta Amurka ta intanet, musamman ko ambaliya ta taɓa cinye ta, kamar dubban motocin da guguwar Harvey ta nutsar a Houston a 2017.

In an zo kafin alƙalami, akwai wata ƙofa da malaman Malikiyya suka daɗe da buɗewa, wato ciniki bisa zaɓi, inda ake ɗibar wa mai saye 'yan kwanaki ya gwada haja, dabba kamar kwana uku. Ba abin da zai hana a rubuta wannan sharaɗi a takardar cinikin mota, gaban shaidu, tare da bayanin cewa in jan gargaɗin batir ya kama cikin kwanakin, mota ta koma, kuɗi su dawo har da la'ada. Dillalin da ya amince da kayansa ba zai ƙi sa hannu ba.