Inshorar lafiya: shin tana biyan kuɗin kwanciya a asibiti?

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a watan Mayun 2022, wadda ta wajabta wa kowa inshorar lafiya a Najeriya, kalmar ba ta barin labarai. To, mece ce ita?

Ta yi kama da adashi, sai dai ba a kwasa bi da bi. Jama'a na zuba kuɗi suna lafiya, wanda ciwo ya kwantar sai a biya masa daga asusun.

A tsarin ma'aikatan gwamnatin tarayya, katin inshorar yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Idan likita ya ba da gado, ana biyan kwanciya a ɗakin marasa lafiya na gama-gari, amma jimillar kwana 21 a shekara. Magani kuwa, majinyaci ne ke biyan kashi 10 cikin 100.

Inda aka fi shan wuya shi ne wurin tura mutum babban asibiti. Sai kamfanin da ke tsakani, wato HMO, ya turo lambar amincewa. Nan za ka ga ɗan'uwa tsaye a gaban kanta, takarda a hannu, yana ta buga waya, mara lafiyarsa na kan benci. Wannan jinkirin bai kamata ba.

Manoma da 'yan kasuwa fa? Su ne aka fi bari a baya. Jihohi na da nasu tsarin, kamar KSCHMA a Kano, kuma dokar NHIA ta tanadi asusu domin marasa galihu.