Babi na Bakwai: Kukan Jama'a a Jarida da Ƙofar Sana'a

A watan Janairu na shekarar 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta, kuma daga cikin abubuwan da suka ba ta farin jini tun farkon al'amarinta akwai wasiƙun masu karatu, waɗanda malamai da ma'aikatan En'e da fatake ke aikowa daga garuruwa na kusa da na nesa, kowa yana bayyana abin da ke damun mutanen ƙasarsa. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur cikin 1945, daga baya kuma hukumar NORLA ta shiga fitar da jaridun larduna a zamanin Yaƙi da Jahilci, sai Lardin Zazzau ya sami tasa, wadda ake kira Bazazzaga, ya zamana labarin rijiyar da ta ƙafe da hanyar da damina ta cinye yana shiga takarda, ana karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba a zaure da bakin kasuwa. Yau wannan aiki ya watsu zuwa jaridar Aminiya, da Rediyon Najeriya na Kaduna, da tashoshin da ke cikin Zariya kanta, da wayar hannu da ke aljihun kowane saurayi; amma kukan bai sake ba, har wanda ya saurari shirin koke-koke na wannan mako zai ji shi kamar jikan waɗancan wasiƙu.

Abin da nake nufin bayyanawa a wannan babi shi ne, kowane kuka da jama'a suka kai ga jarida yana da fuska biyu. Fuska ta farko tana duban hukuma, domin ita aka ɗora wa amanar ruwa da hanya da asibiti, kuma wajibi ne a yi ta tunatar da ita har ta sauke. Fuska ta biyu tana duban mai neman sana'a, domin duk inda mutane masu yawa suka haɗu a kan buƙata guda, suka daɗe a cikinta, har suka gaji suka kai ta gidan rediyo, to lalle akwai wani aiki da ba a yi ba, wanda in wani ya tashi ya yi shi da kyau zai ci halalinsa, jama'a kuma su huta. Malamanmu ba su ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa noma da saƙa da likitanci da ilmin lissafi cikin farillan kifaya, wato abubuwan da in wasu sun tsaya a kansu an ɗauke wa saura, in kuwa gari duka ya bar su to gari duka ya shiga laifi. Bisa wannan ƙa'ida, saurayin da ya ji unguwarsu na kuka da wata lalura, ya koyi abin da zai magance ta, ya mayar da shi sana'a, yana cikin sauke farali ne a madadin 'yan'uwansa, ko da yake yana karɓar ladan aikinsa.

Ba mu da misali mafi kusa da mu kamar ruwa. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa, ko a Kwarbai ne, ko Ƙaura, ko Limancin Kona, ko Unguwar Juma, ya san ƙarar kurar mai garuwa da asubahi, jarkoki jere a cikinta, yana turawa cikin lunguna da mota ba ta shiga, kuma ya san yadda farashin jarka ke hawa idan bazara ta tsananta rijiyoyin gidaje suka ja baya. An ba da kwangilar babban aikin ruwan Zariya a zamanin Gwamna Namadi Sambo, aka gina madatsar Galma a Kuzuntu cikin ƙaramar hukumar Kubau, aka kafa matatar da aka ƙaddara za ta tace lita miliyan 150 a kowace rana, Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da Bankin Raya Afirka suka sa hannu da rance, aka buɗe kashin farko cikin 2017. Duk da haka jaridu ba su daina ɗauko kukan unguwannin da famfonsu ke bushe ba, domin tace ruwa daban, isar da shi ƙofar gida ta tsofaffin bututu da wutar lantarki mai ɗaukewa kuma daban. A cikin wannan dogon jira ne sana'o'i suka tsiro: masu haƙa rijiyar burtsatse, masu kafa tanki su sayar wa 'yan garuwa, masu walda da ke ƙera kurar da gyara ta, masu ɗura ruwan leda, da masu sa farantan hasken rana domin injin ya ja ruwa ba da fetur ba, abin da ya ƙara samun karɓuwa bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023.

To, a nan ne mai lura ke rabuwa da mai kwaikwayo. Mai kwaikwayo ya ji ana ƙishirwa, ya ga maƙwabcinsa ya buɗe gidan ruwan leda, sai shi ma ya ci bashi ya buɗe, alhali kasuwar ta riga ta cika. Mai lura kuwa yakan karanta labarin yadda almajirin ilmi ke karanta matani, yana neman illar da ke ƙarƙashin hukunci. Idan ya ga cewa kusan kowace damina, bayan kukan rashin ruwa, labarin amai da gudawa ke biyo baya, sai ya fahimci cewa matsalar ta ƙunshi tsabtar ruwan da ake samu, ba ƙarancinsa kaɗai ba. Daga nan sai ya tambayi kansa, wa ke wanke tankunan gidaje da na makarantun allo da na Islamiyya, wa ke auna ruwan burtsatsen da aka haƙa kusa da masai, wa ke gyara famfunan tuƙa-tuƙa da aka kafa aka tafi aka bar su. Sau da yawa amsar ita ce babu kowa, kuma wannan gurbi, wanda jarinsa bai kai na gidan ruwan leda ba, ya fi shi albarka da ɗorewa.

Sai dai ina yi wa mai karatu gargaɗi da babbar murya, kada ya ɗora dukiyarsa a kan labari guda. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Hujurati, ya umurce mu da neman tabbaci idan labari ya zo, kuma ko da yake ayar ta sauka ne a kan wani al'amari daban, ladabin da ta koyar ya game ciniki. Ɗan jarida yana ɗaukar abin da ya fi ƙara, ba lalle ne ya zama abin da ya fi yawa ba, kuma akwai kukan da siyasa ke hurawa gab da zaɓe, ya mutu da an rufe akwati. Kukan da ya cancanci a gina sana'a a kansa shi ne wanda ke dawowa shekara da shekara, daga bakin mutane dabam-dabam da ba su san juna ba. Bayan haka sai a taka da ƙafa, a je wurin, a gaisa da mai unguwa, a zauna a majalisar dattawa bayan la'asar, a nemi wata uwa ko 'yar'uwa ta shiga cikin gidaje ta ji daga bakin matan aure, domin su ne ke auna ruwa da itace da kuɗin cefane, kuma muryarsu ba ta cika kaiwa gidan rediyo ba. Alama mafi ƙarfi, a ganina, ita ce a tarar mutane tuni suna kashe kuɗi a kan wani magani maras inganci; wanda ke biyan kuɗi kullum domin abin da bai gamsar da shi ba, ba zai ƙi biya ba idan aka kawo masa wanda ya fi.

Haka al'amarin kayan gwari yake. Kowace shekara, lokacin da tumatirin fadamun Galma da sauran wuraren noman rani ya nuna gaba ɗaya, sai labari ya cika da kukan manoma cewa kwando ya faɗi har bai biya kuɗin mota ba, bayan 'yan watanni kuma sai kukan ya koma bakin masu cefane cewa tumatir ya gagari talaka. A cikin 2016 wata tsutsa ta faɗa wa gonakin tumatir har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. Wani mutumin Jihar Imo, Nnaemeka Ikegwuonu, wanda ya daɗe yana tafiyar da gidan rediyon manoma yana sauraron irin wannan kuka, shi ne ya kafa kamfanin ColdHubs cikin 2015, yana gina ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni, ɗan kasuwa ya ajiye kayansa ya biya kuɗin kwana bisa kowane akwati. Ban kawo shi domin kowa ya gina ɗakin sanyi ba, wannan yana son jari mai nauyi. Na kawo shi ne domin a ga cewa kunne ne ya fara yi masa aiki kafin aljihu. Mu kuwa da Allah ya ajiye mana Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, abin takaici ne a ce har yanzu yawancin busasshen tumatirinmu a ƙasa ake shanya shi, ƙura da awaki suna bi ta kai, alhali ilmin busar da shi cikin tsabta yana nan tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Ƙofar Doka.

Kududdufan cikin birni, waɗanda kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, su ma sun zama abin kuka, saboda shara da leda sun cike su, ruwan sama ya rasa mazauni ya koma cikin gidaje. 'Yan bola-jari sun riga sun nuna cewa ƙarfe da roba kuɗi ne, manoma kuma tun da can suna neman bola domin taki. Abin da ya rage shi ne mai tsari da zai bi gida-gida a kan kuɗi kaɗan na mako, ya raba abin da zai ruɓe da wanda ba zai ruɓe ba.

Yanzu sai mu zo kan iyaka, domin tsakanin biyan buƙatar mutane da cin gajiyar wahalarsu akwai shamaki siriri, kuma mun ga an ƙetare shi da idonmu. A farkon 2023, lokacin da, bayan an sauya fasalin takardun naira, kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, masu na'urar cire kuɗi da ke bakin hanya, waɗanda da ma sun taso ne domin bankuna sun yi wa cikin birni nisa, sun kasu gida biyu: wasu suka tsaya a kan lada madaidaici, wasu kuma suka riƙe tsabar kuɗi suna sayar da naira da naira a kan ƙari mai tsanani ga mai majinyaci a asibiti. Shari'a ta hana ihtikari, wato ɓoye abin da mutane ke matuƙar buƙata domin farashi ya hau, ta kuma hana riba. Kuma ko da mutum bai ji tsoron Allah ba, ya kamata ya san cewa a garin da kowa ya san gidan uban kowa, ba a manta wanda ya matse mutane ranar ƙunci. Tarihi ya ajiye mana rijiyar Ruma a Madina, wadda mai ita ke sayar da ruwanta, har Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya saye ta ya mayar da ita waƙafi ga Musulmi. Ba kowa ke da ƙarfin waƙafi ba, kuma ba a nemi mai tanki ya ba da ruwansa kyauta ba. Abin da aka nema shi ne farashin da zai iya faɗa a gaban limamin unguwarsu ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Akwai kuma labarin da ba a karanta shi da idon ciniki ko kaɗan, sai da istirja'i da addu'a. Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na Masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Bayan an share hawaye, wannan musiba ta tuna mana da cewa birnin cike yake da soraye da zauruka na ƙasa masu bakan gizo da azara, masu buƙatar yaɓe da kulawa kafin kowace damina, alhali maginan da suka gaji wannan ilmi suna ta tsufa, samari kuma sun karkata ga bulo da siminti. Saurayin da zai durƙusa gaban tsohon magini ya koya, ya haɗa da abin da ake karantarwa a sashen zanen gine-gine na jami'a, zai riƙe sana'ar da masu ita ba su da yawa, ya kuma tsare rayuka.

Game da jari, wanda shi ne uzurin da aka fi kawowa, littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birnin nan sun yi bayanin ƙirali, inda mai dukiya ke ba mai aiki jari su raba riba bisa kason da suka yi ittifaƙi a kansa, kuma adashi bai mutu ba. Attajiri ba ya sakin kuɗinsa ga mai cewa yana son a taimake shi da sana'a. Amma wanda ya zo da lissafi a rubuce, gida kaza ne ke buƙata, kaza suke biya yanzu, kaza zan kashe, kaza zai saura, ya fi kusa da a saurare shi. Abin da ya shafi ci da sha kuma sai da rajistar hukumar NAFDAC, kada a fara ba tare da ita ba.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka sami ɗan littafi ka ajiye kusa da rediyonka, duk kukan da ka ji ya shafi Zariya ka rubuta shi da ranarsa da unguwarsa, ka yi haka daga farkon bazara har kaka ta shigo. Sa'an nan ka duba wanda ya fi maimaituwa, ka je unguwar da kanka, ka yi sallama a ƙofar mai unguwa, ka tambaye shi nawa mutanensa ke kashewa a kan wannan lalura a kowane mako.