Lodi da gudu: abin da ke hana babbar mota tsayawa

A kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, ƴan kasuwa kan ƙara buhuna bisa babbar mota domin rage kuɗin dako. Alhali tun shekarar 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani ƙarfi ya tare shi, kuma gwargwadon nauyinsa, gwargwadon ƙarfin da zai tare shi. Gudu ma ya fi lodi haɗari: in direba ya ninka gudunsa, tazarar da birki ke bukata takan ninku har sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin sakan guda, tun ƙafar direba ba ta kai ga birki ba. Lodin da aka tula sama kuwa, a kwana yake kifar da mota.